Hancin Hajiya Kulu

Jama'ar waya, salamu alaikum. Maliki ne dai, mai atamfa na Babbar Kasuwa, mutumin da ciwo ya sha cafke wa wuyan riga ya saki don kansa. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana buga muku, wanda ya ga kuskure ya nemi mai bugawa. Ga wanda yau ya fara biyo mu: jikata Bara'atu, 'yar ɗana mai rasuwa, tana koyon aikin lab, inda ake duba jini da majina a gano abin da ke damun mutum. Wani yaro Sharhabil, ma'aikacin gwamnati ɗan Malali, ya fito neman aurenta. An kawo gaisuwa mun karɓa, sa rana kawai ya rage. Ranar da suka ce za su zo ta zo ta wuce. Harira uwar yarinya ta soya kaji, mu muka cinye abinmu.

Saƙon murya ne ya jawo.

A makarantarsu malami ya raba wa ɗalibai ƙwayoyin cuta, kowa da wadda zai tashi gaban aji ya yi bayaninta. Bara'atu staf ya faɗo mata. Tana tsaye a kicin tana kaɗa miyar kuka da hannu ɗaya, ta danna waya da ɗayan za ta kai wa ƙawarta Mardiyya kuka. Ta ce, "Ke kin huta, naki mai sauƙi ne. Ni staf ɗin nan ya hana ni sakat, tun watan jiya nake fama. Kuma mai ruwan zinaren ne ya same ni, irin wanda ba ya jin magani. Fositif ne dai, wannan kam na tabbatar. Don Allah kar ki gaya wa kowa, kunya nake ji."

Kunyar rashin gama aikin makaranta take nufi. To sunan Sharhabil ne a saman waya kamar kullum, can saƙon ya tafi. Da ta lura ta bi shi da fuskar nan mai dariya har da hawaye, ta rubuta, "Ba naka ba ne, aikin makaranta ne." Shi ma ya maido da dariya. Ta koma kan miyarta.

Ku da kuke Kaduna kun san abin da staf yake nufi a kunnen mutanen gari. Ka tsaya bakin kasuwa ka ji motocin masu magani da lasifika: staf, sanyin mara, mai cinye mahaifa, mai hana haihuwa, mai kashe aure! Daga rumfata nake jin su har na haddace. Balle a haɗa da fositif, kalmar da ko a asibiti sai an turo ƙofa ake faɗinta. Yadda saƙon ya kai kunnen Hajiya Kulu uwar Sharhabil kuwa, shi dai ce mata ya yi ya bar waya a kan tebur, wani ya taɓa, murya ta fito.

Ranar da nake ba ku labari, tun hantsi Bara'atu ta kasa zama wuri ɗaya. Doguwar riga ce ruwan toka a jikinta, ta zaman gida, ɗankwali ta ɗaura ta kwance ta sake ɗaurawa. Ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Ta ɗauko littafi ta buɗe, ta kife shi a kan turmi. Ta sa waya a caji, ta zare, ta je gindin tankin ruwa inda sabis ya fi kamawa ta tsaya tana kallon abin da ta rubuta masa tun da safe: "Ka yi wa Mami bayanin?" Haka suke kiran uwarsa. Alama ta nuna ya karanta. Sai ta ga yana rubutu. Sai ya daina. Sai ya sake farawa. Sai ya ɓace gaba ɗaya.

Tana nan tsaye mai Keke ya yi sallama ya sauke saƙo daga Malali: farar jarka cike da wani baƙin ruwa, warin tafarnuwa da sassaƙe tun kafin a buɗe. Wai in ji Hajiya a sha safe da yamma, in an shanye sai a yi maganar rana.

Harira ta fito daga ɗaki tana gyara zani. Ta daɗe tana kallon jarkar, sannan ta ɗauko kofin silba.

"Ki sha mana. Sassaƙe ne, ba guba ba ne."

"Umma, in na sha ai na amsa ke nan."

"Ki amsa! A goshinki za a rubuta?"

"A goshina kuwa. 'Yan uwansa mata kin san yawansu. Ranar da na yi wata uku a gidansa ban yi ciki ba, me kike jin za a ce?"

"Allah ya kiyaye, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ni na gaji, Bara'atu. Jiya a gidan suna mace ta tsallako mutane ta zo ta dafa ni, wai ya mai jiki. Wace mai jiki? Yaron nan yana da aikinsa, ya fara gini a Katabu, ubanki ba ya raye balle ya tsaya miki. A kan kofi ɗaya za ki watsar?"

Wayar ta yi motsi a hannunta. Ta juya wa uwarta baya ta buɗe, saƙon Sharhabil ne.

"Ranki ya daɗe, jarka ta iso?"

"Ta iso."

"Don Allah ki sha ko kofi ɗaya, ki turo min hoto in nuna mata. Sauran ki zuba a kwata."

Ta rubuta dogon abu ta goge. Ta rubuta, "Kai ka yarda ina da ciwon?"

"Ni ban ce ba."

"Ba abin da ka ce na tambaye ka ba."

"Ina ofis, za mu yi magana."

Za mu yi magana, za mu yi magana. Tun yaushe ake za a yi? Ta cusa wayar a aljihu, ta zaro ta, ta nufi zaure kamar mai fita, ta tuna ba mayafi, ta juyo.

Ni ina zauren a kan tabarmata da rediyona. Na ce, "Amarya, zo nan. Tun safe kike kai-kawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai, kin sa ni jiri."

"Tsoho, ƙyale ni yau."

"Ba zan ƙyale ba. In yaron nan ya fasa ai ni na ci riba, dama ni ne mijin farko. Zauna. Shi wannan fositif ɗin da ya hana mu cin kaji da baƙi, mene ne shi?"

Ta zauna a bakin tabarma. Ta ce, "Alhaji, in aka jiƙa atamfa aka wanke, wata ta riƙe rininta wata ta zuba, ko ba haka ba?"

"Ni za ki koya wa? Daga nan zuwa bakin titi nake gane mai zuba."

"To iyakar maganar ke nan. Muna shafa ƙwayoyin a gilashi, mu zuba musu rini shunayya, mu wanke. Waɗanda suka riƙe su ake ce wa fositif, don bangon jikinsu mai kauri ne. Waɗanda suka zuba sai mu bi su da ja don mu gan su a madubin lab mai ƙara girman abu. Ba ni ce fositif ba, ƙwayar ce."

Na ce, "Ashe 'yan Holan ne. To kawo su ɗaya-ɗaya, in ji ko akwai wanda bai san Maliki ba."

Ta leƙa waya, ba komai. Ta ce gida biyu ne: akwai mulmulallu, akwai dogaye kamar guntun tsinke. Su mulmulallun, wasu a cure suke kamar 'ya'yan inabi, su ne staf, masu kawo maruru da ƙurji mai mugunya, in suka samu ƙofa su shige jini ko ƙashi. Mafi fitina a cikinsu shi ne wanda in an shuka shi a faranti yake fitowa ruwan zinare.

Na ja wuyan rigata na nuna mata tabon ƙeyata. "Ga sa hannunsa. Kamar ƙwan agwagwa ya yi. Wanzami ya tsaga da safe, da azahar ina rumfa ina ciniki."

"Ƙarya dai, tsoho."

"Tambayi layin 'yan atamfa. Na gaba!"

Wasu kuma, in ji ta, a jere suke kamar carbi, su ne sitiref. Su ke kawo ciwon maƙogwaron da in an yi sakaci da shi a jikin yaro yakan zagayo ya taɓa zuciya ko ƙoda. Suna da ɗan uwa mai tafiya bibbiyu, mai nimoniya da wani irin sanƙarau. Na ce wannan mai bibbiyun mun haɗu, wata damina da ruwa ya hana mu fita layi. Likita ya ce a kira 'yan uwa. 'Yan uwa suka taso tun daga Zariya da kukansu, suka tarar da ni zaune ina faɗa a kan an cika wa kunu ruwa.

Ta ɗan murmusa, ta sake leƙa waya.

"Dogayen fa?"

"Su ma kashi biyu. Akwai masu shiga ƙwanso su kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru suna jira. Tetanus a cikinsu yake."

Nan na gyara zama, don wannan ba abokin wasa ba ne. Ina saurayi ina dako a tashar jirgin ƙasa na taka ƙusa. Na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki. Ba a daɗe ba haƙorana suka sarƙe, ko cokali ba ya shiga. Aka sa mu a wani ɗaki mai duhu a asibiti, ba a magana da ƙarfi, don ko ƙofa aka buga sai bayanka ya lanƙwashe kamar baka. Waɗanda muka kwanta tare, ni kaɗai na fito da ƙafafuna. Na ɗaga mata tafin ƙafa ta gani. Ta sha gani, amma ranar ta sa yatsa ta taɓa wurin.

Ta ce a masu ƙwanson akwai na shanu, mai bin fata da kirgi ya yi wa mutum gyambo mai baƙin kai. Na naɗe hannun riga: na yi dakon kirgi a Zango, ga shaida. Ta ce akwai mai son shinkafar da ta kwana a tukunya ba a ɗumama da kyau ba, ya sa amai da gudawa. Na ce wannan ai maƙwabci ne, muna yawan gaisawa.

"Marasa ƙwanson kuma, akwai mashaƙo."

Wannan bai taɓa kama ni ba, ban kuma yi masa kirari ba. Shi ya ɗauki jikan mai shagon bakin layinmu kwanakin baya, yaro yana ƙwallo a ƙofar nan, maƙogwaro ya toshe. Bara'atu ta ce allurar rigakafi ɗaya ke tare shi da tetanus, da an yi. Sannan ta ce saura guda, mai ɓuya a nonon da ba a tafasa ba, ya fi yi wa mai ciki illa.

"Wannan sai dai ya yi haƙuri, ban taɓa ciki ba."

Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun da aka fasa zuwa. Wayar ta yi motsi, ta wawure ta. Kamfanin waya ne ke tallar data. Ta miƙe, ta koma ta zauna.

Na ce, "To a gwada ki mana a kai musu takarda, magana ta ƙare."

"Nan ne matsalar, Alhaji. Dangin staf a fatar kusan kowa suke zaune lafiya lau, ba sa komai. Har cikin hanci. In na je irin lab ɗin bakin titi aka shafa, sai an rubuta staf, a ce to ga shi nan. Shi mai ruwan zinaren ma..."

Kiran Mardiyya ya shigo, ta tashi ta shige ciki da sauri. Ni kuwa na riga na ji abin da nake bukata.

Na zura babbar rigata ta shadda, na kafa zanna, na ɗau sanda. Ban gaya wa kowa ba na tare Keke sai Malali.

Falon Hajiya Kulu labule ne masu nauyi har ƙasa, ga hotonta na ranar ritaya a bango tana karɓar faranti. Sakatariya ce a ma'aikata har ta gama, mace mai tabarau da magana ɗaya. Ta gaishe ni da ladabi, aka kawo lemo. Kada ku ce muguwa ce. Ta ce min, "Baba, auren babban ɗana a kan rashin haihuwa ya mutu. Na ga abin da ya mayar da shi. Ba zan sake zuba ido ba."

Na ce Allah ya kyauta. Sannan na ajiye kofi na yi mata karatu. Na kawo mata masu inabi da masu carbi, na nuna ƙeya, na nuna hannu, ƙafa ce kawai na bari don darajar kafet. Na ce, "Hajiya, staf ɗin nan da kike gudu a hancin kowa yake. Yana nawa, yana na limaminku, yana naki."

Ta zare tabarau a hankali. "Nawa?"

"Naki. In kin musa a shafa a gani."

Ta mayar da tabarau. "Na ji, Baba. A gaida gida."

Na dawo Kinkinau ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa. Na tarar Bara'atu tana ninke kayan da ta ninke ɗazu. Na ba su labari tiryan-tiryan, har da zare tabarau. Ban kai ƙarshe ba na ga yarinya ta dafe kai da hannu biyu.

"Alhaji, wanne ka ce mata yana hancinta?"

"Staf mana."

"Dangin, ko mai ruwan zinaren?"

"Ba ubansu ɗaya ba?"

"Shi mai zinaren ba kowa ke da shi ba! Kamar mutum ɗaya ne cikin uku. Wani ma yau yana nan, wata mai zuwa babu. Shi nake shirin gaya maka aka kira ni."

Harira ta saki salati ta zauna a kan turmi, a kan littafin ma. Ni dai har yanzu ban ga laifina ba. Duk gidan nan wa ya sa takalmi ya je?

Daga nan Bara'atu ba ta sake zama ba. Ta kira Sharhabil, ta yi ringi ta katse. Ta sake kira, aka ce yana kan wani kiran. Ta rubuta, "Kakana ya je gidanku," alama ta nuna ya karanta. Ta yi sallar la'asar, tana sallamewa hannunta na kan waya.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas lokacin da muka ji hon a ƙofar gida.

Hajiya Kulu ce, cikin leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, jaka a hammata. Sharhabil ne ya tuƙo ta, amma bai fito ba. Ta zaure ina hango shi: mota a kunne, gilashi a rufe, hannu biyu a kan sitiyari. Harira ta rasa inda za ta sa kanta, ta goge kujerar roba da gefen zaninta. Hajiya ta zauna, jarkarta na gefen ƙafarta ko murfi ba a taɓa ba. Ta kalli jarkar sau ɗaya. Bara'atu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

"Lafiya lau. Ni ba doguwar magana na zo yi ba. Bayan fitar Baba na tambaya, na kuma karanta a waya. Dangin suna fatar kowa, na yarda. Amma ke da bakinki mai ruwan zinare kika ce." Ta ɗora yatsa a kan hancinta. "Ga shi na kawo. A shafa, a lab ɗin da kika zaɓa. In an same shi a nawa, ni da kaina zan turo iyayensa maza ranar Juma'a a sa rana. In ba a samu ba, ki goge lambar ɗana."

Harira ta juyo tana yi wa 'yarta ido: ki ce to. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, raina ya so a shafa. Ban taɓa shiga caca da ciwo na faɗi ba.

Bara'atu ba ta ɗago ba. "Mami, ko an samu a hancinki ko ba a samu ba, ba abin da zai nuna a kan haihuwata. Ba abin da ya haɗa su."

"Kakanki ne ya kawo zancen hanci, ba ni ba."

"Aikin makaranta ne, Mami. Malami ne ya raba mana. Ai a take na rubuta masa haka a ƙasan saƙon, shi ma ya yi dariya."

Hajiya ta ɗan karkata kai. "A take?"

"A take."

Ta buɗe jaka, ta ciro wayarta, ta ɗaga tabarau tana ja da yatsa. Ta daɗe tana ja. Iska ta kaɗa kayan shanya, wani ya buga murfin tanki a maƙwabta.

"Ni murya kawai ya turo min," in ji ta, wannan karon a hankali. "Shi da kansa ya turo. Ga abin da ya rubuta: Mami, ki saurara ki gaya min abin yi."

Jama'a, na kwanta ɗakin da ba a magana, amma ban taɓa jin shiru irin na tsakar gidan nan ba. Ashe ba tebur, ba wanda ya taɓa waya.

Bara'atu ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, jinina ce. Ta fizgo hijabin uwarta daga igiya, da sauran danshinsa, ta zura. Ta sa silifa, ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa, ba ta ma lura ba.

"Ina za ki?" in ji Harira. "Bara'atu! Ana kallo!"

Ana kallo kuwa. Telan da ke fuskantar gidanmu ya dakatar da keke, mai faci ya miƙe da tayar a hannu. Ta ratsa zaure ta wuce ta gabana. Hajiya Kulu ta taso ta tsaya a bayana, wayar na hannunta, ba ta ce a dawo ba.

Yayyafi ya fara sauka. Bara'atu ta zagaya ta ɓangaren mai zaman banza, inda ta saba zama in ya zo zance. Ta kama hannun ƙofa ta ja, a rufe. Ta ƙwanƙwasa gilashi da bayan yatsa.

"Sharhabil. Ofis ya tashi. Buɗe mu yi maganar."

Ya juyo ya kalle ta. Ya kalli uwarsa ta saman kafaɗata. Na ga hannunsa ya bar sitiyari ya gangara gefen ƙofa, sai muka ji makulli ya yi ƙas.

Kunnena bai taɓa cin amanata ba, amma motocin zamanin nan ƙarar buɗewa da ta ƙara kullewa iri ɗaya ce. Ita dai hannunta na kan ƙofar, ta cije leɓe, ta ja.